Na Ƙosar Da Ragon Layya, Na Bar Tunkiyar Inna Da Kara

Wajen 1998 ina aure a wani ƙauye kusa da Bungudu, da 'ya'yana biyu, ina ganin duk unguwa ba macen da ta kai ni sanin kiwo. Alhali dabbobin nawa biyu ne rak, rago da tunkiya. Tunkiyar Inna ce ta ba ni kafin ta rasu, kuma ita kaɗai ce abin hannunta da ya rage mini.

Babbar Sallah ta faɗo cikin tsananin rani, abincin dabbobi ya yi wuya. Na ci alwashin ragona sai ya fi na kowa a kasuwar Tsafe. Dusa tasa, harawa tasa, angurya tasa. Ita kuwa tunkiya, da cikinta ya tsufa, sai in watsa mata busasshen kara. Maƙwabciyata ta ce ai haka ake yi, wai in mai ciki ta ƙoshi ɗan zai yi girma ya ƙi fita. Wallahi ban yi mata musu ba, don maganar ta dace da son zuciyata.

Wata safiya na tarar da tunkiyar ta jingina kai da bango, tana taunar haƙora, na miƙa mata hannu ba ta ma gani. Maigida ya ce a kira malamin dabbobi, na ce ina, baki ne aka yi mata. Kwana biyu ina turara mata hayaƙi har ta kwanta ta kasa tashi. Shi kuwa bai sake neman shawarata ba, ya hau mota zuwa Gusau ya taho da mutumin.

Malamin ya shinshina bakinta, ya shafa cikin, ya tambayi abin da take ci. Da na faɗa, sai ya dubi ragon yana ta ƙyalli, ya dube ni. Kai, na ji kunyar da ban taɓa ji ba! Ya ce biyu ne a cikinta, kuma a makonnin ƙarshe su ke zuƙe ƙarfin uwa. In abinci bai ishe ta ba, sai jikinta ya koma cin kitsensa, jininta ya gurɓace. Ya yi mata allura, ya ɗura mata wani magani mai zaƙi, ya ce in riƙa jiƙa mazarƙwaila ina ba ta safe da yamma, amma bai yi mini alkawarin za ta tashi ba.

Na zauna gabanta ina ɗura mata ina kuka, ina jin kamar Inna na ci wa amana. Rana ta huɗu ta miƙe tana rawar ƙafa, ta je ta fizgi harawa daga gaban ragon. Ta haifi biyu, namijin bai zo da rai ba, macen ta rayu. Tumakin da ke garkena yau duk jikokinta ne. Ragon kuwa, ban ma tuna abin da na saya da kuɗinsa ba.

'Yan'uwana mata masu kiwo, wata ɗaya da rabi kafin tunkiya ta haihu ku ƙara mata dusa da harawa, ku ajiye mata gishirin lasa. Da kun ga ta ware kanta ta ƙi ci, ku nemi malamin dabbobi ranar, kada ku tsaya hayaƙi irin nawa. A gidana yanzu mai ciki ke fara ci, rago ya jira.