Kalmar Da Ta Kashe Tauraron Bashir

Ɗalibin ilimi ne ni lokacin da na sauka Alƙahira. Ina da tallafin karatu da ɗan ɗaki a unguwar Darrasa, ban san wata hanya ba sai ta masallaci da ta shagon littattafai. Ku yaran da ke tasowa, ku saurara, don ni ma ban tashi da niyyar zama ɗan fasa-ƙwauri ba.

Da rakiya na fara. 'Yan kasuwar Kano su zo sari kasuwar Ataba, in yi musu tafinta, su ɗan ba ni na shayi. Bayan juyin juya halin 2011 tsaro ya yi sako-sako, sai na gano ana iya shigo da wayoyi da magunguna ba tare da kwastan sun gani ba. Na gwada sau ɗaya ya yi daɗi. Kafin shekara ta zagayo na ajiye karatu, na koma unguwar Ard al-Liwa, ina safa tsakanin Dubai da Alƙahira.

A nan na haɗu da Bashir, ɗan unguwarmu a can gida Nijeriya, injiniya. Yana cikin masu binciken da suka haɗa kai, 'yan Masar da 'yan Nijeriya da wasu Turawa, suna ƙera ƙaramin tauraron ɗan adam da zai riƙa hango fari kafin ya cinye gonakin Arewa. Rayuwarsa ke nan. Amma aikin ya tsaya cik saboda wata na'ura da ba ta fi gwangwanin madara ba, wadda ke gaya wa tauraron inda ya fuskanta.

"Ƙasar da ke ƙera ta ta sa ta a sahun makamai," in ji shi. "Wai irinta ce ke saita makami mai linzami. Sai an ba mu izini, kuma shiru kake ji. Ko hotonta abokan aikinmu na can ba su isa su turo mana ba."

Har gobe wannan yana ƙona min rai. Mutum yana neman ya ceci gero da dawa, a ce masa ɗan ta'adda ne sai ya wanke kansa! Haba! Su nasu taurarin suna ta yawo a kanmu, wa ya ba su izini? Sai dai ba tausayin manoma ne ya motsa ni ba, riba na hango. Na ce masa na san wani kamfani a Dubai mai cikakken lasisi.

"Ka tabbata, ɗan'uwa? Abin nan ba ya son ƙumbiya-ƙumbiya."

"Khalas, shi ke nan, bar min. Komai tamam."

Wallahi babu wani kamfani. Wani dillali ne a bayan shago a Dubai, ya miƙo min na'urar a kwalin rediyon mota.

Na dawo a daidai lokacin da sojoji suka cika gari, ana fama da rikicin Sinai. A filin jirgi jami'in kwastan ya buɗe kwalin, ya juya na'urar, ya tambaye ni ta mece ce. Mu a Hausa duk abin da aka harba sama kumbo ne. Na lalubi sunan tauraron ɗan adam da Larabci, ya ɓace min ɓat. Sai na fassara kumbo yadda na saba ji, na ce, "Ta sarukh ce."

Sarukh a wajensu makami mai linzami ne. Ni da na yi shekaru ina haddar nahawu, da bakina na ɗaure kaina. Kafin in gyara, ankwa ta hau hannuna.

Da aka matsa min, ban ce ni na yi ƙarya ba. Na ce Bashir ne ya aike ni. Wannan ce ƙazantar da ta fi duk safarar da na yi. Aka kama shi, aka kwashe kwamfutocin ɗakin bincikensu. Daga baya an gane bai san komai ba, aka sake shi, ni aka wuce da ni gidan yari. Amma Turawan sun riga sun janye, domin dokar ƙasarsu ta hana su aiki da duk wanda sunansa ya fito a irin wannan shari'a.

Da na fito a 2015, kafin a tasa ƙeyata gida, na roƙi a kira min shi. Ya zo, ya rame. Na durƙusa ina neman gafara.

"Tashi," ya ce. "Na yafe maka don Allah. Amma ka sani, kana tsare izinin ya fito. Da suka ga sunana a shari'arka, suka soke shi. Yanzu babu ɗakin binciken da zai buɗe min ƙofa."

Na tuba, kuma har yau ina cewa dokar nan akwai zalunci a cikinta. Amma ita jinkiri kawai ta jawo wa Bashir, ni ne na kashe masa aikin. In kun ga ɗan'uwanku ya gaji da jira a ƙofar halal, ku taya shi jira, kada ku nuna masa taga. Ni na nuna, kuma tauraron nan bai taɓa tashi ba.