Damin Wanzami Maharazu

Ranar Laraba, sha biyu ga Rajab, shekara ta 1349, Allah ya karɓi ran Maharazu, wanzamin Illela, bayan ciwon ciki da ya kwantar da shi tun farkon kaka. Daga Allah muke, gare shi muke komawa.

Maharazu, ba ka taɓa yanke wa mara lafiya farashi ba. Abin da ka gada shi ka riƙe: kowane gida ya ba ka damin gero ɗaya da kaka, ko an yi ciwo ko ba a yi ba. Daga nan ƙaho, sakiya, cire beli, kaciya, duk sun hau kanka har wata kakar. Mai lafiya ya biya wa mara lafiya, babu wanda ya ji nauyi. Har wasa kake wa masu ƙoshin lafiya, kana cewa geronsu ya fi daɗin fura.

Sai aka ce haraji da kuɗin Bature za a biya. Muka kai gero kasuwa, damunanka suka ragu, aikinka bai ragu ba. Aka ce cikin harajin nan har da na ɗakin magani. To, ɗakin yana Sakkwato. Mu dai labarinsa muke ji.

Bara fara ta cinye gonata a Gidan Katta, ban kawo dami ba. Da wuyan ɗana Abu ya kumbura, kafin in aika sai ga ka da zabira. Na fara ba da haƙuri, ka katse ni: “Mi ya kawo zancen gero? Damin maƙwabcinka ya biya maka.”

Yanzu kumburin ya dawo, Abu ba ya iya haɗiye ko kunu, kuma ba zai jure tafiyar Sakkwato a kan jaki ba. Tsoro nake ji, Maharazu. Bana na samu gero, na ɗauki daminka da kaina na kai ƙofar gidanka. Matarka Lubabatu ta ce daga bayan zana, “Malam, mayar da abinka. Mai ƙahon ya tafi.” Na aje shi, na juyo.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya ba Lubabatu da 'ya'yanka haƙuri. Mu kuma da ka bari da marasa lafiya a hannu, Allah ya dube mu.