Baffa Ilu Mai Ƙirga Sahu

Duk wanda ya san Baffa Ilu ya san tambayarsa. Ka dawo daga jana'iza, ko ruwa ba ka sha ba, zai tare ka a zaure ya ce, "Sahu nawa?" Ba ruwansa da ciwon da ya kashe mamaci, ba ruwansa da 'ya'yan da ya bari. Layukan mutanen da suka tsaya suka yi masa salla kawai yake son ji. In ka ce uku, ya girgiza kai. In ka ce bakwai, ya ce, "To, wannan ya zauna da mutane." In kuwa ka ce ba ka ƙirga ba, ka shiga uku, don sai ya tambaye ka abin da ya kai ka wurin.

Shi kansa ba ya zama wuri ɗaya. Yana da wani tsohon keke marar birki da yake tsayarwa da ƙafa, kuma daga ƙauyenmu na gefen garin Turawa har Kafin Dafga ba a sallar gawa ba shi, ko ya san mamacin ko bai sani ba. Ni 'yar ƙanensa ce, kuma matar ɗansa, don haka ta gefe biyu na sha fama da shi.

Faman da ya fi tsaya mini shi ne na shekarar da muka tashi daga ƙauye. Akwai kwazazzabo a bayan gidanmu, kowace damina sai ya ƙara matsowa. Baffa kan auna tazarar da sandarsa. Da aka kawo ni gidan, tazarar sanda goma sha biyar ce, a waccan shekarar saura biyu. Tashi ya zama dole, sai dai ina? A Kano, Malam Sabo, abokin Baban Hafsa, maigidana, ya samo masa wurin aikin kafinta da gida. A Rogo kuma dangin mahaifiyarsa sun ce ga gida nan a unguwar Sabon Gari, ba kowa a ciki. Ni ban ɓoye ba, Kano nake so. Ina ɗinki, ina son masu kawo ɗinki, ina son makaranta mai kyau ga 'yarmu Hafsa, ina son asibiti a kusa. Baban Hafsa kuwa amsarsa ɗaya ce: "Sai abin da Baffa ya ce."

Baffa ya ce shi ba ya zaɓen gari da jita-jita, sai ya je ya gwada.

Ya sa aka ɗora kekensa a saman mota, ya sauka a gidan Malam Sabo. Da safe sai ya hau ya shiga zagaya unguwa, duk inda ya ga mutane ya sa ƙafa ya tsaya, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Don Allah ba a yi rasuwa a nan kurkusa ba?"

Wani mai shago ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, likkafani kake sayarwa ne?"

Kwana uku yana wannan yawo. Malam Sabo ya kira mu a waya yana cewa mu yi wa Allah mu zo mu ɗauke shi, mutanen unguwa sun fara rufe ƙofa in sun hango keken. Baffa ya karɓe wayar ya ce, "Rabi, mutanen nan ba sa mutuwa. Ɓata mini lokaci kawai suke yi."

A rana ta huɗu, bayan azahar, aka kawo gawa wani babban masallaci. A ranar ya dawo ƙauye, tun daga bakin ƙofa yake ƙwala mini kira. "Sahu goma sha huɗu, Rabi. Sau biyu na ƙirga. Ɗaure kaya, Kano muka nufa."

Na yi murna har da guɗa. Na kwance keken ɗinkina, na ɗaure kwanuka da tukwane, na raba wa maƙwabta kajina. Bayan kwana biyu, ina tsaka da naɗe tabarmi, ya leƙo ya ce, "A kwance."

Na ce, "Baffa, lafiya?"

Ya ce, "Yawan ne ya ruɗe ni, sai yanzu na tuna. Na tambayi na damana wane ne mamacin, ya ce shi salla ya zo yi, aka ce a tsaya ya tsaya. Na tambayi na haguna, ya ce shi ma baƙo ne, mota yake jira. Mutum ɗari biyu su tsaya a kanka ba wanda ya san sunanka?"

Na kwance. Kajina kuwa sun tafi ke nan.

Sai ya juya Rogo, a kan keken nan, da shekarunsa saba'in da 'yan kai. Nan bai sha wahala ba, a rana ta biyu ya samu. Sahu huɗu ne kacal, amma ya ce maƙwabta da hannunsu suka haƙa kabari, kuma kowa ya san mamacin har kakansa. "Ɗaure kaya, Rabi. Rogo."

Raina bai so ba, amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ɗaure. Shi kuwa ya ce bari ya koma sadakar uku ya ƙara gani. Yana zaune a kan tabarma cikin masu gaisuwa, sai wani tsoho ya ƙura masa ido ya ce, "Kai, ba kai ne mai mayar da akuya ba?"

Ga wanda bai sani ba, shekara talatin kafin nan Baffa ya taɓa sayen akuya a kasuwar Rogo. Bayan sati ɗaya ya jawo ta ya mayar wa mai ita, wai ba ta kuka sai ya tayar da salla. Mutumin ya ƙi karɓa, Baffa ya ɗaure ta a ƙofar gidansa ya shimfiɗa buzu ya zauna har kwana biyu. To, ashe ba su manta ba. Nan wurin zaman makoki ya ɗauka, wannan ya ce ja ce, wancan ya ce baƙa ce, har 'ya'yan mamacin sai da suka yi dariya.

Ya dawo fuska a ɗaure. "A kwance. Garin da ba ya mantuwa, wa zai iya zama a cikinsa?"

Haka muka yi ta yi. Yau Kano, jibi Rogo. Sau biyar na ɗaure, sau biyar na kwance, har igiyar ta tsinke. Muna cin tuwo a kwano ɗaya saboda sauran suna cikin buhu. Hafsa ta yi sallama da ƙawayenta sau uku, har suka daina kuka. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, da na ji iska ta kaɗa sai gabana ya faɗi.

Ran wata Laraba da la'asar aka sheƙa ruwa. Muna ɗaki muka ji rugugi, muka fito muka tarar katangar baya da turken awaki sun tafi cikin kwazazzabo. Daga ƙofar ɗakin Hafsa kana hango ruwa yana gudu a ƙasa. A ranar na ajiye kunyar surukuta gefe. Na same shi a zaure na ce, "Baffa, kana nema wa kanka wurin mutuwa, mu kuma za mu mutu a nan muna jiranka. In sahu kake so, ka bari ɗakin nan ya rufta da mu, za ka ga sahu."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya juya sandarsa ya ce, "Zauna, 'yar ƙanena. Kin ɗauka don kaina nake yi? In na mutu, ina zan san ko mutum biyu ne suka tsaya? A Kano na bi su har gidan rasuwar. Abincin da aka ba mu, sayowa aka yi a leda. A Rogo ina zaune, ina ganin kwanuka suna shiga, gida gida, na ƙirga ashirin da uku na gaji. Sahun na mamaci ne, kwanon na waɗanda ya bari ne. Ke ba uwa, ba uba. Ina duba wanda zai shigo miki ne ranar da ba ni."

Na ce, "To akuyar fa?"

Ya ce, "Su yi ta faɗa. Ai gaskiyata ce, a kan salla take kuka."

Washegari muka tashi zuwa Rogo. Ba zan yi ƙarya ba, har yau in na je Kano na ga shagunan ɗinki sai na tsaya ina kallo. Shi kuwa cikin wata ɗaya duk garin ya san kekensa, kuma ba mai kiransa Ilu, sai Mai Akuya.

Ku dubi ikon Allah. Mutumin da ya ƙi Kano, a Kano ya cika. Bayan shekara uku ciwo ya kama shi, Baban Hafsa ya kai shi asibiti can, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi. Ni ina Rogo. Kafin azahar kwanuka suka fara shigowa, na tuwo, na kunu, na shinkafa, har na rasa inda zan sa ƙafa a tsakar gida. Mata suka cika ɗaki suka zauna da ni, kuma kamar yadda ya faɗa, wata tsohuwa ta jawo labarin akuya, muka yi dariya muna share hawaye.

Da la'asar Baban Hafsa ya kira ya ce an gama. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Sahu nawa?" ba.

Ya ce, "Rabi, ban ƙirga ba. Na waiga in tambayi Baffa."

Ya Allah, ga bawanka Ilu, wanda ya tsaya a kan gawar wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa a garin da ba nasa ba, kada ka bar shi shi kaɗai. Amin.