Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

Ni mai gashin ƙashi ne, kine kamar yadda ake kiranmu a Douala. Na daɗe ina aiki a wani ƙaramin asibiti a bakin unguwar New Bell, kuma ban taɓa ɗaukar bincike a matsayin aikina ba. Mu huɗu ne a sashen, bakinmu ɗaya: masu rubutu su yi ta rubutunsu, mu a bar mu da gwiwoyi da kafaɗu. In aka kawo takardun tambayoyi, babbanmu yakan danne su da kwalbar man tausa don kada fanka ta watsar, nan za su zauna har mai ya ɓata su.

Wata damina wata ɗaliba ta zo daga jami'a, tana tattara bayanai kan waɗanda aka yi wa aikin gwiwa. Faransanci kawai take ji, rabin majinyatanmu kuwa tsofaffin unguwar Hausawa ne. Da yake ni ɗan unguwar ne, aka ɗora mini cike takardun. Na karɓa ba da son raina ba. Ka auna lanƙwasar gwiwa, ka tambayi mutum ko yana hawa bene, ko yana tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, ko yana shiga mota. Kowace amsa da makinta. In maki ya cika, a rubuta ya warke, likita ya sallame shi daga gashi.

Cikin waɗanda aka yi wa aikin akwai wani dattijo mai sayar da atamfa a kasuwar Mboppi, abokin mahaifina tun suna samari. Taurin kai gare shi, irin wanda mai gashi ke so: ka ce ya yi goma, ya yi ashirin. Cikin wata uku ya ajiye sanda, yana tsallake kwatar ƙofar gidansa, har babur ɗin haya yake hawa zuwa kasuwa. Ranar awon ƙarshe makinsa ya cika. Na yi masa albishir, ko murmushi bai yi ba.

"Ɗana, wa ya warke?" ya ce. "Har yau a kujerar roba nake salla, can ƙarshen sahu, kusa da takalma."

Kunya ta kama ni. Masallacinmu ɗaya. Tun ina yaro a sahun gaba nake ganinsa, bayan liman, kuma duk watannin nan ina wuce kujerar tasa ban taɓa haɗa ta da aikina ba. Gwiwar tana lanƙwasuwa daidai buƙatar kujera da bene. Sujada da zaman tahiya suna neman fiye da haka nesa ba kusa ba.

Na kai wa ɗalibar maganar. Ta saurara da kyau, ta ce abu ne mai muhimmanci, amma takardar daga waje aka tsara ta, in ta ƙara layi ɗaya ba za a iya kwatanta aikinta da na kowa ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Abokan aikina suka sa mini suna farfesa. Babbanmu ya ce ai dama ya faɗa, masu tsara takardun nan ba su taɓa durƙusawa a tabarma ba. Raina a ɓace na ce to mu da muka sani, wace takarda muka taɓa tsarawa? Shi kuwa ya ci gaba da naɗe bandeji.

In na rage wa dattijon maki, zai ci gaba da zuwa gashi, amma na gurɓata wa ɗalibar aiki. In na rubuta gaskiya, a sallame shi da kujerarsa. Na rubuta gaskiya, aka sallame shi. Sai na ce ya riƙa zuwa bayan azahar, lokacin hutuna. Muka fara gwada zaman tahiya da matashin kai biyu tsakanin cinya da dunduniya, sannan ɗaya, sannan tawul a naɗe. Yana zufa, yana ce mini mugu ɗan mugu, washegari ya riga ni isowa.

Wata Laraba goshinsa ya taɓa shimfiɗar roba da muke motsa jiki a kai. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa, ni kuwa na juya ina kallon taga. Tashi ya gagara, sai da na kama shi ta hammata na ɗaga. Da ya samu numfashi, ya nuna teburina da haɓa.

"To, rubuta wannan."

Takardun ɗalibar sun riga sun tafi, kuma ko suna nan babu gurbinsa a ciki. Na aro wani littafi mara rubutu a ofishin nas-nas, na ja layi da rula, na rubuta sujada a samansa, na sa sunan dattijon na farko. Ya koma sahun gaba, maƙwabcinsa na salla ke ba shi hannu in zai miƙe. Littafin kuwa har yau ba wanda ya tambaye ni shi, amma duk tsohon da ya shigo ina cike layinsa.