Duwatsun Murhun Inna

A fadamar Kalgo babu dutse, laka ce zalla. Shi ya sa Inna ta ɗauko duwatsun murhunta uku a ka tun daga tudun Dangoma, shekarar da muka fara zaman rani a bakin tafki. Bukkar zana muke kafawa a ƙarƙashin wata giyayya, Baba yana kamun kifi, Inna tana banda. Idan damina ta matso za mu koma gida, sai ta tona rami a gindin itacen ta binne duwatsun, ta ce su jira ta. Kowace shekara kuwa tana samunsu.

Bara, bayan rasuwar Baba, ta matsa sai na kai ta fadamar. Na ce, "Inna, me za ki gani a can?" Sai kawai ta ɗauki mayafinta.

Ban gane wurin ba. An sare itatuwan kaf an yi gawayi, tafkin ya koma gonar shinkafa. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Inna ta yi ta yawo tana caka sandarta a ƙasa, har ta tsaya gaban injin ban-ruwa. A kan duwatsu uku aka ɗora shi, baƙin wuta bai bar jikinsu ba.

Mai gonar ya ce, "Inna, naki ne? A ciro miki?"

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Bar su, ɗana. Wa zan dafa wa?"