Abdulbaƙi Ɗan Marini

A Gwale aka haifi Abdulbaƙi, gidan Malam Ilu marini, gidan da ko kaza ta shiga sai ta fito da shuɗin ƙafa. Shi kaɗai ya yi boko mai zurfi a cikinsu, har ya samu aiki a wani kamfanin sinadarai a Sharaɗa. Ba ya haɗa komai, ba ya ɗaga buhu. Aikinsa ya zauna cikin sanyi ya hango wa masu kamfani inda kasuwa ta dosa, ya rubuta musu dabarar da za su riga kowa isa. Aikin ɗan duba ne dai, sai dai shi da kwat yake yin nasa.

A ofis kuwa ce musu ya yi ubansa ɗan kasuwar yadi ne. Bai taɓa bari abokin aiki ya rako shi ya wuce bakin lungu ba, don kada a ga hannun tsohon.

Shekarar da soja suka koma bariki, gari ya rikice da anko. Kowace jam'iyya da kalarta, kowane kansila da sabuwar shadda. Abdulbaƙi ya rubuta cewa rijiyar rini ta gargajiya sai ta yi makonni kafin ta nuna, alhali garin rinin kamfani da sodarsa wuni ɗaya ya ishe su. A raba wa marinan cikin birni kyauta su gwada. A wurin taro manaja, Alhaji Jibrin, ya dube shi.

"Kai ɗan cikin gari ne. Akwai abin da ya kamata mu sani game da yadda suke aiki?"

Akwai mana. Marini ba ya yarda rijiya ta nuna sai ya lakato da yatsa ya ɗanɗana. Shi kansa yana shekara bakwai aka fara dangwala masa a harshe. Amma in ya faɗa, za a ce ina ya sani. Ya dubi masu ƙamshin turaren da ke gefensa.

"Babu, ranka ya daɗe."

Aka buga gargaɗi da Turanci a gindin buhu, aka raba. Ran Talata Malam Ilu ya zuba, ya juya, ya yi bisimilla, ya ɗanɗana yadda ya yi shekara hamsin yana yi. Harshe ya saluɓe, leɓe ya kumbura.

A zaure Gwaggo Kulu, ƙanwar uban, ta tare Abdulbaƙi.

"Sannu da zuwa, mai hangen nesa. An zo duba aiki?"

"Gwaggo, wallahi ban san nan za a kawo ba."

"Au! Da harshen uban wani ne, shi ke nan ko?"

Bai iya ɗaga kai ba. Ya shiga ya durƙusa gaban tsohon, yana jiran ko da harara ce. Malam Ilu bai harare shi ba. Ya nuna buhun, ya nuna bakinsa, sannan ya nuna wajen da sauran marina suke, ya kaɗa hannu. Can za a kai kaya ran Litinin, Abdulbaƙi ya sani, don shi ya tsara.

Kafin Litinin ɗin ya miƙe a taro ya ce marina da harshe suke gwada rini, kuma wanda ya ƙone ubansa ne.

"Ashe kai ɗan marina ne?" in ji Alhaji Jibrin. "To me ya hana ka faɗa?"

Aka dai tsayar da motar kai kayan, aka sake buhuna da ajami da hoton baki an ja masa jan layi.

Magana ta dawo wa Malam Ilu, ɗanɗano bai dawo ba. Gishiri da sukari duk ɗaya. Ya koma rijiyarsa ta toka da shuni, sai dai babu harshen gwadawa. Shi ya sa duk Asabar za ka ga Abdulbaƙi ya rataye kwat a ƙusa, ya tsuguna bakin rijiya ya lakato.

"Ta nuna?" in ji tsohon.

"Da saura, Baba."

Shuɗin yatsan ba ya fita kafin Litinin. Da shi yake nuna wa mutanen ofis takarda.