Tarin Sabo a Cikin Kaset

'Yan'uwa, ku zauna ku ji. Yau ɗana Sabo ya gaishe ni daga Legas, ina zaune a ɗakina a Kwaciri, nan Kano.

Da hantsi wani direba ya kawo mini ɗan abu baƙi, wai kaset ne, saƙon Sabo. Na juya shi, ban ga ta inda magana za ta fito ba. Sai maƙwabciyata Iya Risi ta ɗauko rikodar mijinta, ta saka, ta danna.

Sai ga muryar yarona: "Inna, ina kwana? Lafiyata ƙalau."

Na amsa masa. Iya Risi ta yi ta dariya. "Inna, ai ba ya jinki."

Na ce ta mayar baya. Aka sake. Kafin ya ce "ƙalau" sai da ya yi tari, irin mai fitowa daga ƙirji. Shekara uku wasiƙunsa suna cewa lafiya lau, takarda kuwa ba ta tari.

Iya Risi ta ce, "Ana iya aika masa amsa." Ta danna jan maɓalli na ɗaukar magana.

Na matsa bakina kusa. "Sabo, ni ce. Na ji tarin nan. Ka tafi asibiti kafin ka sake gaishe ni."